Numfashin Malam Ilu

Ruwa na tarar ana yi ranar da na sauka ƙasar Holland, kuma in ba a yi mini gardama ba sai in ce bai ɗauke ba har na baro ta. Ba irin ruwanmu na Zazzau ba ne, da hadari zai haɗo, a yi tsawa, ya zuba ya wuce kowa ya koma harkarsa. Wani yayyafi ne marar zuciya, ba ya ƙaruwa ba ya tsayawa, sai dai ya jiƙa mutum a hankali. A cikinsa na jawo akwatina daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar gidan da aka ce an kama mini ɗaki.

Wani ɗan ƙasarmu ne ya kama ɗakin, wai. A intanet muka haɗu tun ina gida Limancin Kona ina haɗa takardun tafiya. Ga daɗin baki, kowace magana sai ya ce "ɗan'uwana". Ya turo hotunan ɗaki har da labule, ni kuma na tura masa kafin alƙalami. Da na danna ƙararrawa sai ga wata tsohuwar Baturiya da ƙaton kare. Ta duba adireshin, ta ce gidan dai nata ne, amma ba ta taɓa ba kowa haya ba, kuma ba ni ne na farko da ya zo mata da wannan magana ba. Na kira ɗan'uwan nawa, waya a kashe. Har yau a kashe take, Allah ya isa.

Na koma rumfar jiran bas na zauna a kan akwati. A ciki akwai kuka da daddawa da tsakin masara, amma babu inda zan ɗora tukunya. Wani mahauci ɗan Maroko da shagonsa ke kallon rumfar ya gaji da ganina, ya tsallako titi ya tsaya a kaina. Turancinsa kaɗan ne, ni kuma ba na jin yaren ƙasar, sai na jarraba Larabcin da na koya a zauren marigayi mahaifina. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman shagon inda yake ajiye kwalaye, na zauna har jami'a ta samo mini wuri. Sunansa Idris, Allah ya saka masa da alheri.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don har gobe 'yan unguwarmu likita suke kirana, suna kawo mini ƙorafin ciwon baya. Ni fiziks na karanta. Digiri na uku na je yi a kan wata na'ura da ake yi wa masu ciwon daji gashi da ita. Ana auna ƙarin dajin da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, a ƙone shi. To idan a hanta ƙarin yake akwai matsala, domin hanta ba ta zama wuri ɗaya. Mutum ya ja numfashi ta sauka, ya saki ta hau. Ka auna ƙari ya goce, lafiyayyen nama ka ƙona. Shi ya sa aka haɗa injin gashin da na'urar hoto ta MRI, don a riƙa ganin cikin mutum yana kwance.

Sai dai MRI ba kyamara ba ce. Gutsattsarin bayanai take tarawa, kwamfuta ta zauna ta harhaɗa su su zama hoto. In kana son ganin yadda hanta ke motsi, dole a ware gutsattsarin nan, na lokacin jan numfashi daban, na tsakiya daban, na saki daban. Tsohon lissafin da ake amfani da shi yana da kyau, amma nawa gare shi. Majinyaci na kwance a cikin ramin na'ura yana jira, kafin hoto ya fito kayan cikinsa sun riga sun gusa. Aikina shi ne in koya wa kwamfuta, da hotunan ɗimbin mutanen da aka ɗauka a baya, ta fitar da hoton nan take. A wani ɗaki marar taga nake yin aikin, can ƙarƙashin asibitin koyarwa.

Mutanen ba mugaye ba ne, kada in ɗauki alhakinsu. Farfesar da nake ƙarƙashinta mace ce mai gaskiya, ba ta taɓa wulaƙanta ni ba. Amma gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki sun wuce. Na taɓa tare maƙwabciyata a matakala na tambaye ta kwanan iyali da gajiya da sanyi, ta dube ni a tsorace ta ce ko wani abu ne ya faru. Daga ranar na kama kaina. Sai in shiga ɗaki ranar Juma'a da yamma, ban sake buɗe baki ba sai Litinin, in ce ina kwana muryar ta fito a shaƙe. Na koma yi wa kwamfuta faɗa da Hausa, in ce mata "Ke dai an yi 'yar banza," don kawai in ji yaren a kunnena. Sallar farko a wurin aiki ta same ni. Na shiga banɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

A hunturu na biyu ne Marika, ma'aikaciyar da ke kula da na'urar, ta sauko ɗakina.

"Haliru, kana jin yaren Najeriya?"

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ta ce ita ma ba ta sani ba. Wani dattijo ne suke son sa wa a cikin bincikenmu, ɗansa ne ke yi masa tafinta, shi kuma direban babbar mota ne, yana can wata ƙasa da kaya. Na bi ta ina gunaguni, don na tabbata in na je wani yaren zan tarar da ban san ko kalma ɗaya ba.

Yana zaune a kujerar jira cikin rigar asibiti, siriri, idanunsa sun yi rawaya, da carbi a hannu. Bai dubi fuskata ba, hular kaina ya tsura wa ido.

"Wannan hular ɗinkin cikin birni ce," in ji shi, shi kaɗai.

Ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar asibitin Turawa ba.

"Baba, sannu da jiki."

"La'ilaha illallahu! Bahaushe?"

"Bazazzagi ma kuwa, Baba. Ɗan Limancin Kona."

Ya kama hannuna da hannu biyu. Muka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina sanyi, ya baƙunta, mu kai ƙarshe mu sake komowa farko. Marika na tsaye tana duba agogo, daga baya ta tambaye ni wace muhimmiyar magana ce muka daɗe muna yi haka. Na ce mata ba mu ma fara magana ba tukuna.

Sunansa Malam Ilu. A cikin birni aka haife shi, daga baya ya koma Tudun Jukun, kuma tun yana saurayi sana'arsa ɗinkin babbar riga na hannu. Da matarsa ta rasu sai ɗansa Murtala ya ɗauko shi, wai ya zo ya huta. Hutun shi ne zama a wani bene mai tsawo, a gaban taga, Murtala na hanya, ba maƙwabci ba almajirin ɗinki ba mai sallama. Shekaru ya yi a haka kafin ciwon ya bayyana.

Likita ta yi bayani na fassara masa. Ƙarin da ke hantarsa ba zai warke ba. Amma idan aka gasa shi da ƙarfi a 'yan zama kaɗan, zai iya motsewa, ciwon ya lafa, ya samu ya ci abinci. Sai dai yana dab da hanji, kuskure kaɗan zai yi ɓarna, don haka ba za su taɓa shi ba sai hoto ya fito tangaran. Malam ya saurara har na gama.

"Ɗana, gaya mata ni ba warkewa nake nema ba. Ƙarfin da zan hau jirgi nake nema. Sun ce a yadda nake ba za a ɗauke ni ba. Na je jana'izar wani ɗan Nijar a garin nan, a cikin akwati aka sa shi, mu da muka sallace shi ba mu cika sahu ɗaya ba. Don Allah kada a binne ni a nan. A kai ni Zariya da raina."

Na fassara. Likita ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Aka sa shi a na'ura, hoto ya fito dishi-dishi. Tsohon lissafi ya ba da hanta kamar an shafa mata hannu, nawa da nake taƙama da shi ya ba da abin da ya fi wannan muni. Aka sake, haka. Na tambaye shi ko yana motsi, ya ce ko yatsa bai ɗaga ba. Na ce numfashi fa, yadda ya saba yake yi? Ya ce yadda ya saba. Marika ta duba wayoyi, injiniya ya zo ya duba na'ura, komai lafiya lau. Farfesa ta dube ni ta saman tabarau ta ce in nemo abin da ke faruwa, don majinyacin ba shi da lokaci mai yawa.

A tsakanin nan na fara zuwa wurinsa kowace Asabar. In hau keke cikin ruwa, in je in dama mana fate da tsakin da na yi ta tattali, alayyahu a madadin rama, lemon tsami a madadin yakuwa. Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

"Malam Haliru, wannan fate ne ko horo?"

"Baba, in ba ka so a kai wa Turawa."

"A'a, kada a ja mana yaƙi. Miƙo."

Cokali biyu zai yi ya ture kwanon. Sai mu zauna mu bi Zariya lungu-lungu da baki. Ya tambaye ni ko har yanzu ana ɗinki a zauren wane, in ce ya rasu, 'ya'yansa sun sa keken zamani. Mu yi gardama a kan wace hanya ta fi kusa daga Gyallesu zuwa kasuwa. Mu zagi sanyi tare. Wallahi tun da na zo ƙasar ban san ina da dariya ba sai a ɗakin nan. Duk mako Asabar nake jira.

Wata rana da hantsi ina zaune ina kallon layin numfashinsa a kwamfuta. Na'urar tana zana numfashin mutum a layi, na yawancin mutane hawa da sauka ne a jere, kusan tsawo ɗaya. Na Malam kuwa sai ya cilla sama farat ɗaya, ya gangaro a hankali, wani gangaren dogo har ka ce ba zai ƙare ba, wani gajere, sai gajeru a jere, sai kuma dogo. Don gajiya na fara bin layin da ƙirjina, in ja inda ya ja, in saki inda ya saki. Can sai na ji leɓena na son motsi. Na san wannan numfashin, a cikinsa na girma. Numfashin mai tilawa ne, a ja da sauri, a saki a hankali har ƙarshen aya, doguwa ce ko gajera. Ƙarar na'urar ta hana kowa ji, ramin kuma ya hana kowa ganin bakinsa.

Ranar an sake kiransa ɗaukar hoto, sai na hau sama na same shi a ɗakin jira.

"Baba, karatu kake yi a cikin injin nan?"

"To da me zan yi?"

"Haba Baba! Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kun ce kada in motsa, ban motsa ba. Kun ce in yi numfashi yadda na saba. To ni haka na saba. Tun ina riƙe allura bakina bai taɓa zama haka kawai ba."

Na yi wa su Marika bayani, kowa ya ji daɗi, aka ce abu mai sauƙi, ya daina kawai. Na lallashe shi ya yarda. Aka tura shi cikin ramin, na'ura ta fara bugawa. Layin ya ɗan daidaita, sai ya fara rawa, sai ya koma haki. Ba a je ko'ina ba ya matsa ƙwallon neman agaji da ke hannunsa. Aka fito da shi gumi ya jiƙa rigar. Aka huta aka sake, bai ma kai na farko ba.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami.

"Baba, don girman Allah! Ɗan lokaci ne fa! Ka yi karatun a zuci mana! So kake duk wahalar nan ta tashi a banza?"

Bai ɗaga murya ba. Ya goge fuska da gefen riga.

"Na gwada a zuci, ƙarar nan cinye shi take yi. Ɗana, ka taɓa shiga kabari ka karɓi gawa?"

Na ce a'a.

"Ni na sha shiga. Wannan ramin naku bai fi shi faɗi ba. Ga ni a miƙe, hannu a jiki, an rufe ni da farin ƙyalle, kowa ya fita ya ja ƙofa. A nan kake so in yi shiru? Ba zan iya ba. In shi ke nan, a bar shi, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Kunya ta rufe ni, na ba shi haƙuri. Da yamma likita ta ce idan hoton bai samu ba, ba za ta yi kasadar ƙona masa hanji ba, sai dai a ci gaba da ba shi maganin rage ciwo. Ba ta ƙara komai ba, amma na gane. Maganin rage ciwo ba zai hau da shi jirgi ba.

Asabar ɗin da ta biyo na je jiki a sanyaye, ko tukunya ban ɗora ba. Na tarar ya idar da la'asar yana zaune a kan darduma yana jan carbi. Na zauna a bayansa ina jira. Idona ya sauka a kafaɗunsa. Su ɗaga, su sauka a hankali, su ɗan tsaya. Su ɗaga, su sauka, su ɗan tsaya. Kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Ashe ba karatun ne matsalar ba, bambancin tsawon ayoyi ne. Da ƙyar na bari ya shafa.

"Baba, me kake ja yanzu?"

"Salati."

"Za ka iya yinsa a cikin injin? Shi kaɗai, ba canji. Numfashi ɗaya salati ɗaya, ka ɗan tsaya, ka sake."

Ya juyo ya dube ni, sai ya yi murmushi.

"Wato injin Turawan nan tilawa ce ba ya so, wuridi yake so?"

"Haka ya nuna, Baba."

"To ai sai ka ce ɗan ɗariƙa ne tun farko."

Farfesa ba ta yi dariya ba da na kai mata maganar. Ta ce ko da numfashin ya zama a jere, siffarsa daban ce, ja da sauri da saki mai tsawo, kuma kwamfutata ba ta taɓa ganin irinsa ba, duk a kan masu numfashin shiru ta yi karatu. Ba za ta bari a kunna haske a kan mutum bisa zato ba. In kawo shaida, ta kai wa kwamitin asibiti. Gaskiyarta ce, ko da yake a ranar na ji haushinta.

Na fara da kaina. Muna da izinin ɗaukar hoton masu sa kai, sai na kwanta Marika ta tura ni ciki. Duk daɗewata ina aiki da hotunan na'urar nan, ban taɓa shiga ba. Kai! Rufin na dab da hancina, ƙarar na dukan ƙashi. Na tuna faɗan da na yi wa tsoho, na kama salati ba don bincike ba. Amma mutum ɗaya ba ya isa. Ranar Juma'a, ni da nake sallame salla in sulale ba na kula kowa, na tsaya a ƙofar masallaci ina tare mutane da Larabcin huɗubata. Wasu suka ɗauka bara nake, wasu suka wuce. Idris mahauci ne ya karɓi maganar, ya yi musu bayani da yaren ƙasar, ya ce wani tsoho ne ke son komawa garinsu. Washegari ya zo da mutane, 'yan Maroko da Turkawa da wani Basomale. Shi kansa da ƙyar tumbinsa ya shiga ramin, ya fito yana cewa ko raguna ba ya yi wa haka.

Da hotunansu na sake koya wa kwamfuta, na gyara yadda take ware numfashi. Muka gwada da wata hantar roba da ake motsawa da inji, muka sa ta motsa irin motsin Malam, muka auna aka ga daidai. Kwamiti ya yarda, da sharaɗin tsohon lissafi ya riƙa bin bayan nawa yana tabbatarwa. Duk wannan ya ci makonni, Malam kuwa kullum ƙara ramewa yake. Murtala ya ajiye mota ya dawo, ya riƙa turo shi a keken marasa lafiya.

Ranar zaman farko na zauna a gaban makirfo da ke kai magana kunnen majinyaci. Na ce, "Baba, tare za mu yi. Bismillah." Na ja salati a hankali, ya bi ni. Layin ya hau, ya gangaro, ya tsaya. Ya hau, ya gangaro, ya tsaya. Na'ura ta gama tara bayanai, kafin Marika ta gyara zama hoto ya fito. Ga hanta tana sauka tana hawa, ga ƙarin da gefensa tsaf, ga hanji can gefe. Likita ta matso ta daɗe tana kallo. Aka jira tsohon lissafi ya gama jan ƙafarsa, ya ba da abu ɗaya. Farfesa ta ce, "Da kyau," ba ta ƙara ba. Aka saita hasken ya riƙa kunnuwa a daidai ɗan tsayawar nan ta ƙarshen kowane salati, inda hanta ke natsuwa. Ban daina ja ba har aka gama, maƙogwarona ya bushe ƙamas.

Da aka fito da shi ya ce, "Kana saurin ja, Malam Haliru. Gobe ka natsu."

Aka yi sauran zaman a haka. Da farko ma kamar jikin ya ƙara lalacewa, ga amai ga kasala. Sannu a hankali rawayar idon ta fara washewa. Wata Asabar ya cinye kwano ya ce a ƙara. Wata kuma na tarar ya sauka bene da sanda yana jirana a ƙofa. Na yi murna, Allah ya sani. Amma a kan keke ina komawa sai murnar ta koma ciki. Duk ƙarfin da ya samu na tafiya ne. Da hannuna na gyara hanyar da mutum ɗaya tak da nake da shi a ƙasar zai bi ya bar ni.

Likita ta ce zai iya hawa jirgi, amma kada a ja lokaci. Murtala ya yanki tikiti. Na raka su tashar jirgin ƙasa da safe, ana yayyafi. Malam ya sa babbar riga ɗinkin hannunsa a kan rigar sanyi, ta yi masa yawa sosai. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Mu tafi tare mana."

"Karatu bai ƙare ba, Baba."

"To ka yafe ni. Na wahalar da kai."

Na so in ce ba komai, in yi addu'ar sauka lafiya kamar yadda ake yi. Abin da ya fito daban ne.

"Baba, ka bar ni da wa?"

Murtala ya ja shi suka shiga, ƙofa ta rufe. Na tsaya har jirgin ya ɓace, sannan na hau keke na tafi wurin aiki, don ban san inda zan je ba.

Murtala ya turo saƙo cewa sun sauka Kano, daga nan shiru. Na kira layin bai shiga ba. Na shiga zullumi, ko hanya ta kayar da shi, ko asibiti aka wuce da shi, ko ma bai kai Zariya ba. Mako ya wuce, wani ya kama. Ba ni da lambar kowa a Tudun Jukun.

Ina cikin ɗakin aiki da rana wayata ta yi ƙara, mahaifiyata ce daga gida. Na fito matakala inda ake samun layi.

"Haliru, baƙo muka yi. Wani dattijo, wai shi Malam Ilu. A bakin titi ya sa mai keke napep ya sauke shi, ya tako da sanda yana tambayar gidan nan har ya iso. Jikansa na cewa ya hau, ya ce shi da ƙafarsa zai shiga cikin birni."

Na zauna a kan matakala.

"Inna, yana ina?"

"Ga shi can a zaure tare da yayanka. Na fita mun gaisa, sai ya kama kuka, wai in yafe masa, shi ya dawo gida ya baro mini ɗa shi kaɗai a cikin ruwa. Ni dai ban gane ba. Bari in kai masa wayar."

Na ji takunta a tsakar gida, na ji kaji, na ji ƙarar ƙofar langa-langa. Na ji ta ce, "Malam, ga ɗan naka." Sai muryarsa daga ɗan nesa, a dishe.

"A'a Hajiya, riƙe abinki. In na ji muryarsa ba zan iya ba. Ki dai gaya masa na iso."

Inna ta ce, "Ka ji?"

Na ce na ji.